Ƙunshin Ganye Ba Zai Cika Hantsar Saniya Mai Yunwa Ba

A 'yan shekarun nan tallan maganin ƙara wa shanu nono ya yawaita. In ka shiga kara ranar kasuwa, ko ka leƙa zaurukan masu kiwo a Facebook da WhatsApp, sai ka ci karo da shi. Wani gari ne a leda, wani ruwa ne a kwalba. Wani a ce daga Indiya ya zo, wani kuma haɗin gida ne na hulba da habbatussauda da zogale da wasu saiwoyi da ba a bayyana sunansu ba. Alkawarin dai kusan ɗaya ne: zuba cokali biyu a dusa safe da yamma, kafin mako ya zagayo ƙwarya ta cika.

Ni ba na cikin masu raina maganin gargajiya, kuma ba na jin daɗin yadda wasu 'yan boko suke yamutsa fuska da sun ji an ambaci saiwa ko sassaƙe. Amma abin da na yi imani da shi a kan wannan batu shi ne, yawancin shanunmu ba ganyen magani suka rasa ba. Abinci da ruwa suka rasa. Duk kuɗin da mai saniya ya kai wa mai ƙunshi alhali saniyarsa tana kwana da yunwa, daga bakin saniyar ya cire shi, daga bakin maraƙinta, kuma daga hannun matar da take dogara da nonon.

Mu fara da saniyar kanta. Bunaji, farar saniyar Fulani da ta fi kowace yawa a Najeriya, da Rahaji ja mai dogon ƙaho, da Bokolo ta ƙasar Sakkwato, a kiwon daji abin da ake tatsa daga kowace ɗaya bai cika wuce lita 1 zuwa 2 a rana ba. Saniyar Holstein ta Turai da Amurka tana ba da lita 30. Wannan tazara ce take sa ƙasar da ke da shanu sama da miliyan 20 take kashe abin da jami'an gwamnati suke ƙiyastawa da dala biliyan 1.5 duk shekara wajen shigo da madara. Kowa yana son a cike wannan giɓi, ni ma haka. Wani ɓangare na tazarar jini ne, domin an daɗe ana zaɓen Holstein don yawan nono, shanunmu kuwa an zaɓe su ne don jure tafiya da zafi da cuta. Amma babban ɓangaren da yake hannunmu a yau shi ne abin da yake shiga cikin saniya.

Wanda ya taɓa tsayawa a ruga da sassafe a watan Afrilu ya san abin da nake nufi. Za a saki maraƙi ya ruga wajen uwarsa, ya tsotsa kaɗan har nono ya sauko, sannan a janye shi a ɗaure kusa da ita inda za ta riƙa lasarsa. Mai tatsa ta tsuguna, ƙwarya a tsakanin gwiwoyinta. Ka dubi saniyar: haƙarƙari a waje ana iya ƙirgawa, tozo ya kwanta, gashi ya tashi ba sheƙi, kashinta ya bushe ya yi tauri. Hannun matar yana aiki amma sautin da ke fita siriri ne, kuma kafin nono ya rufe gindin ƙwarya ta dakata, domin ta san in ta ƙara maraƙin ne zai biya. Wannan saniya jiya ta yi tafiyar awoyi tana tsintar karan dawa da busasshiyar ciyawa, ta sha ruwa sau ɗaya. Babu wani ganye a duniya da cokali biyunsa zai sa ta samar da abin da ba ta ci ba.

Dalilin a fili yake. Kusan kashi 87 cikin 100 na madara ruwa ne, kuma saniya mai shayarwa a zafin bazara tana buƙatar lita 40 na ruwa ko fiye a rana. Sauran kashi 13 ɗin, wato mai da furotin da sukari da ma'adanai, daga abin da ta ci suke fitowa, ko kuma daga naman jikinta in abincin ya gaza. Cikin saniya kuma ba irin namu ba ne. A tumbinta akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, su ne suke narkar da ciyawa, kuma su kansu suna buƙatar furotin da bai gaza kashi 7 cikin 100 na abincin ba kafin su yi aiki sosai. Ciyawar damina tana da wannan. Amma da ta bushe a rani, furotin ɗinta yakan faɗo zuwa kashi 2 ko 3 ko 4. Sai saniya ta cika ciki da ita amma ta kasa narkewa da sauri, cin abincin ya ragu, ta rame, nono ya janye. Shi ya sa makiyaya tun kaka da kakanni suke neman 'ya'yan gawo da harawar wake da ta gyaɗa da ƙowa da angurya a ƙarshen rani. Ba su san kalmar furotin ba, amma sun san abin da yake tayar da saniya.

To, ina gaskiyar masu cewa ganye yana aiki? Akwai ta, kuma bai kamata a ɓoye ba. Zogale shi ne misali mafi ƙarfi. A wani gwaji da aka yi a ƙasar Nikaraguwa aka wallafa a 2006, an ɗauki shanun gida na can da suke cin busasshiyar ciyawa mara ƙarfi, suna ba da kimanin kilo 3 na madara a rana. Da aka ƙara musu zogale sai nonon ya haura zuwa kimanin kilo 5. Wannan ƙari ne babba, kuma masu talla suna son ambatonsa. Abin da ba sa faɗa shi ne yawan zogalen: kilo 2 zuwa 3 ne a kowace rana ga kowace saniya, a ma'aunin busasshe, wanda in ɗanye ne ya haura kilo 10. Busasshen ganyen zogale kusan kashi ɗaya cikin huɗu nasa furotin ne. Ke nan a matsayin abinci ya yi aiki, dami guda, ba a matsayin magani ba. Wanda ya ɗauki sakamakon dami ya liƙa a jikin leda mai giram 50 ya yaudari mai saye, ko da kuwa zogalen gaske ne a ciki.

Akwai kuma tsirran da ake bayarwa kaɗan-kaɗan da gaske. Binciken irinsu ya yi ƙarfi a Turai ne bayan Tarayyar Turai ta haramta zuba magungunan kashe ƙwayoyin cuta a abincin dabbobi don saurin girma, daga farkon 2006. Kamfanoni suka koma neman madadi a man tsirrai irin su kanumfari da kirfa da tafarnuwa. Wani haɗi da ya yi suna a can, wanda ake ba saniya giram 1 a rana, da aka tattara gwaje-gwajensa a 2020 an ga yana ƙara nono da kusan kashi 4 cikin 100. Yanzu mu yi lissafi. Ga saniya mai lita 30, kashi 4 ya wuce lita guda a rana, kuma ga mai shanu 500 wannan kuɗi ne na gaske. Ga Bunaji mai lita ɗaya da rabi, kashi 4 bai wuce mililita 60 ba, ko kofin shayi bai cika ba. Waɗancan shanu an gama ba su duk abin da suke buƙata ne, sannan aka zo neman ɗan ƙarin da ya rage. Yaji yana ƙara wa tuwo armashi, amma sai akwai tuwon.

Hulba ma an gwada ta a kan awaki da shanu da ɓaunar gida a Masar da Saudiyya da Indiya. Wasu gwaje-gwajen sun nuna ƙari, wasu ba su nuna ba, kuma galibinsu a kan dabbobi kaɗan aka yi su na 'yan makonni, dabbobin da suke cin abinci wadatacce. Haka labarin shatabari da jibanti, tsirran da Indiyawa suka fi sakawa a haɗe-haɗensu na ƙara nono. Jibanti ɗin nan 'yar'uwar yaɗiyarmu ce, dangi ɗaya suke, kuma mu ma an daɗe ana danganta yaɗiya da tsiron nan nonon kurciya da kawo ruwan nono. Wannan ya isa ya sa a ɗauki batun da muhimmanci a bincike shi. Bai isa ya zama hujjar sayar wa talaka alkawarin ninki biyu ba.

Na san za a ce: mu da muka gwada mun ga canji, kai da kake rubutu fa? Ba na ƙaryata wanda ya ce ya gani. Abin tambaya shi ne me ya kawo canjin. Kusan duk mai sayar da ƙunshin nan cewa yake a zuba a dusa, a dama da ruwa, a bayar safe da yamma. Saniyar da da ba ta samun komai bayan ta dawo kiwo, yanzu tana samun kwanon dusa da bokitin ruwa sau biyu a rana, har da ɗan gishiri ko kanwa. Dole nono ya ƙaru. Dusar ce da ruwan suka yi aikin, ƙunshin ya karɓi yabo. Sannan mutane sun fi saye lokacin da saniya ta haihu, alhali ɗabi'ar nono ce ya riƙa hawa da kansa daga haihuwa har ya kai ƙololuwa tsakanin mako 4 zuwa 8, sannan ya fara sauka a hankali. Wasu kuma sai wuya ta kai wuya a ƙarshen bazara suke saye, bayan kwana kaɗan ruwa ya sauka, ciyawa ta tsiro. Akwai dalili na huɗu wanda ya fi damuna. Wanda ya kashe kuɗi yana son ya ga sakamako, sai a matse hantsa fiye da yadda aka saba. Ƙwarya ta ƙaru, rabon maraƙi ya ragu. Maraƙin da bai ƙoshi ba yana tsumburewa, karsana ta yi jinkirin ɗaukar ciki, wani ma ya mutu. Wannan asara ba ta bayyana a makon da aka sayi magani, sai bayan shekara biyu ko uku, lokacin da ba wanda zai tuna ya danganta ta da shi.

Na taɓa tsayawa kusa da wani mai irin wannan talla a wata kasuwar dabbobi, ya ɗora ledojinsa a kan tabarma, lasifika tana maimaita alkawari. Wani dattijon makiyayi ya ɗauki leda ɗaya ya jujjuya, ya ce, "Malam, mene ne da mene ne a ciki?" Mai kayan ya ce, "Baffa, sirrin sana'a ne, amma duk itatuwa ne, ba na Bature a ciki." Dattijon ya sake tambaya ko ana ba mai ciki, aka ce masa ana ba kowa. Ledar babu sunan mai haɗawa, babu adireshi, babu ranar lalacewa, sai hoton wata saniya baƙa da fari mai hantsa har ƙasa, irin wadda ba ta taɓa taka wannan kasuwa ba. Dattijon ya sayi guda biyu.

Wannan kalma ta "duk itatuwa ne" ita ce take kwantar wa mutane hankali, kuma bai kamata ba. Makiyayi ya fi kowa sanin cewa gwaska itace ce, kuma ganyenta yana kashe dabba. Tumfafiya ma tsiro ce. Ko waɗanda ba guba ba suna da nasu sharaɗi: tafarnuwa tana bin nono da wari, hulba tana sauya masa ƙamshi, kuma hulba na cikin abubuwan da ake taka-tsantsan da su ga mai ciki. Garin da aka shanya a ƙasa aka ƙulle da sauran danshi yana yin fumfuna, kuma wani nau'in fumfuna yana fitar da gubar afalatoksin, wadda take ratsa jikin saniya ta fito a nono. Tafasawa ba ta kashe ta, kuma an tabbatar tana jawo sankarar hanta. Wannan haɗari yana kan tunkuza da dusar da suka jiƙe ma, ba ƙunshin magani kaɗai ba. Sai kuma babban abin tsoro: leda mara bayani ba wanda ya san ko an cakuɗa mata maganin asibiti don a ga saurin aiki. Mun san yadda ake ɗura wa dabbobin kiwo ƙwayoyin da ake kira sha-ka-fashe. Irin su deksametason suna iya sa saniya mai tsohon ciki ta zubar. In kuma maganin kashe ƙwayoyin cuta ne, matan ruga sukan fara ganewa, domin kindirmo yakan ƙi kamawa yadda ya saba. Wannan nono fa 'ya'yanmu ne suke shan sa da fura.

A nan ne batun ya tashi daga na mai saniya ya zama na jama'a da hukuma. NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, tana da sashen kula da magungunan dabbobi, kuma abin da ake bai wa dabbar da ake shan nononta bai kamata ya shiga kasuwa ba tare da an rubuta abin da ke ciki da yawansa da wanda ya haɗa ba. Ya kamata kuma mutane su san cewa a magungunan gargajiya na mutane, lambar farko da hukumar take bayarwa shaida ce cewa an duba ba ya cutarwa, ba shaida ba ce cewa yana yin abin da aka ce yana yi. Don haka ko an ga lamba, tambayar ko yana ƙara nono tana nan ba a amsa ba.

Wa zai amsa ta? Muna da wurin. Cibiyar binciken kiwon dabbobi ta NAPRI da ke Shika kusa da Zariya aikinta ke nan, kuma ta daɗe tana kiwon Bunaji da 'ya'yan da aka haɗa da shanun Turai. Akwai cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom da aka kafa tun 1924. A Nijar akwai tashar Tukunus da ta shahara da shanun Azawak. Gwajin ba mai wuya ba ne. A ware shanu kashi biyu waɗanda suka haihu a lokaci ɗaya, a ba su dusa ɗaya da ruwa ɗaya, kashi ɗaya a ƙara masa ganyen, ɗayan a bar shi. A auna nono kullum, a auna nauyin maruƙa, a duba yaushe uwayen suka sake ɗaukar ciki. A yi a rani, a maimaita a damina. A gwada hulba, a gwada yaɗiya, a gwada nonon kurciya, a sayo ledojin kasuwa ma a kai su ɗakin bincike a ga abin da ke cikinsu. Tunda an kafa Ma'aikatar Bunƙasa Kiwon Dabbobi ta tarayya a 2024, wannan na cikin ayyuka mafi araha da za ta iya ɗaukar nauyi. Kuma ina so a yi shi da gaggawa saboda wani dalili: dattawan Fulani da suka san wane tsiro ake ba saniya in mahaifa ta ƙi faɗuwa, wanne ake bayarwa in nono ya ɗauke, suna ƙarewa, dazukan da tsirran suke ma suna ƙarewa. Ilminsu ya cancanci a rubuta shi da sunansu, a tace, a riƙe mai amfani. Masu leda ba wannan ilmi suke karewa ba, sunansa kawai suke ci.

Indiya da ake yawan kafa hujja da ita ta cancanci a dube ta da kyau. Ita ce ƙasar da ta fi kowace samar da madara a duniya tun ƙarshen shekarun 1990, kuma gaskiya ne hukumar bunƙasa madararta tana koya wa manoma haɗe-haɗen gargajiya, kamar kwaɓin alobera da kurkur da farar ƙasa da ake shafawa a hantsa mai ciwo. Amma abin da ya ɗaga ta shi ne shirin da Verghese Kurien ya jagoranta daga 1970, wanda aka gina kan tsarin ƙungiyoyin manoma na garin Anand: wurin karɓar madara a ƙauye safe da yamma, biyan kuɗi a kan kari gwargwadon yawa da maiƙo, masana'antar abincin dabbobi mallakar ƙungiya, likitan dabbobi da yake zuwa har gida. Macen da ta tabbata za a sayi madararta gobe da farashi sananne, ita ce take da ƙarfin zuciyar sayen abincin saniya yau. Ganye ya shigo ne a kan wannan ginshiƙi. Mu kuwa muna son mu ɗauko ganyen mu bar ginshiƙin.

Mu ma ba daga sifili za mu fara ba. A shekarun 1980 an gwada killace 'yan kadada a shuka ciyawar sitailo mai furotin a yankin Kachiya, don shanu masu shayarwa su riƙa shiga na 'yan awoyi a rani. Akwai waken lablab, akwai gamba. Gawo yana fitar da ganye da 'ya'ya daidai lokacin da komai ya bushe, amma muna sare shi muna yin gawayi. Zogale yana tsiro a bayan kowane gida, kuma in aka shuka shi a cunkushe ana yanka yana sake tohowa. Kamfanonin da suka fara karɓar madara daga makiyaya a Kano da Kaduna da Oyo sun nuna cewa in akwai kasuwa mutane suna gyara kiwo.

Ga wanda yake da 'yan kuɗi a hannu yau kuma yana son ƙwaryarsa ta ƙaru, ga tsarin da zan bi in ni ne. Ruwa tukuna, ta sha ta ƙoshi aƙalla sau biyu. Sannan a ware masu shayarwa a ba su harawa da dusa da ɗan ƙuli-ƙuli ko angurya mai tsabta, maimakon a watsa wa garke duka. Gishirin lasa ya zauna a inda suke kwana. A kira malamin dabbobi ya duba tsutsar ciki da ciwon hanta da sammore da kaska, domin saniyar da cuta take sha wa jini ba ta da abin da za ta zuba a hantsa. A duba hantsar kanta, don akwai ciwon nono da ba ya nuna kumburi amma yana rage tatsa, kuma gwajinsa ba tsada. A yi tatsa a natse, a kan lokaci, ba duka ba tsawa, domin sinadarin da yake sauko da nono 'yan mintoci kaɗan yake aiki kuma tsoro yana tare shi. In an yi duk wannan har kuɗi ya yi saura, mai son gwada hulba ya sayo tsabarta da idonsa ya gani, ya ba wasu shanun ya bar wasu, kada ya ba mai ciki, kuma ya riƙa auna nonon da kwano ɗaya kullum har wata guda kafin ya yanke hukunci.